Ina Bakwai Zai Kwana

Litinin, da hantsi

Auta ta zo ta tafi. Ta bar mini abinci a rufe, da takardar asibiti a ƙarƙashin kwanon, wai don kada in ce ban gani ba. Na gani. Manyan abubuwa ai ina ganinsu har yanzu: kwano, ƙofa, ƙanwata in ta tsaya a gaban taga.

Zan rubuta maganar likita sau ɗaya, ba zan sake ba. Idon hagu ya daɗe da tafiya. Na dama ne yanzu labule ke saukowa a kansa. In an bar shi, zai rufe a hankali. In an yi aiki, wataƙila ya buɗe, wataƙila ya rufe gaba ɗaya a ranar. Ta ce suna da wuri Talatar ƙarshen wata, in na yarda. Na ce, 'yata, ni akawun tashar jirgin ƙasa ne, ba a koya mana rubuta wataƙila ba. Ta yi dariya. Hannunta sanyi, kamar ta fito daga wanki.

Tela mai shago a ƙasan benena ya aiko mini da jaridarsa kamar kullum. Shafin baya nake nema, wasan lambobi. Layi tara a kwance, layi tara a tsaye, an kuma raba filin unguwa tara, kowace da gida tara. Kowane layi da kowace unguwa sai sun ɗauki ɗaya zuwa tara, ba maimaici. Na yi shekaru ina cike masu sauƙi da matsakaita da biro. Mai wuya kuwa, wanda suke sa wa tauraro biyar, ban taɓa gama ko ɗaya ba. Na yau mai tauraro biyar ne. Na yanke shi da almakashi.

Ina so in gama guda ɗaya kafin Talatar aikin.

Talata, da yamma

Na kira abokina Na-ɗaya a waya. Tun muna 'yan aji uku ake kiransa haka, don bai taɓa barin kowa ya zo na ɗaya ba. Yanzu ƙafafu sun ƙi shi, gado ne ofishinsa, amma bakin yana nan daram.

"Tawada, kai ne? Na ɗauka ka mutu an ɓoye mini."

Na ce ina nan, taimako nake nema. Na karanta masa lambobin layi-layi da gilashin ƙara girma, yana rubutawa yana tari.

"Da me kake cikewa?"

"Da biro."

"Da biro! Mutumin nan, har yanzu? To saurara. Mai sauƙi, ka gani ka rubuta. Mai wuya ba ya ba ka abin gani. Sai ka ɗauki fensir ka rubuta ƙananan lambobi a lungun kowane gida, duk waɗanda za su iya shiga. Sannan ka yi ta korarsu ɗaya bayan ɗaya."

Na ce wato in rubuta abin da ban tabbatar ba.

"Eh mana. Ai ba jirgin kaya kake sallama ba, ba wanda zai kai ka gaban Bature."

Na ce masa ƙaramin rubutu ba ya fito mini kwanan nan. Bai tambayi dalili ba. Abin da ya sa muka daɗe tare ke nan.

Laraba, da safe

Na feƙe fensir. Na riƙe shi. Na ajiye.

Alhamis, bayan azahar

Auta ce ta samo dabara, tana mita tana yi. Ta kawo kwali babba, ya rufe teburin duka, ta ja layukan da alƙalami mai kauri, ta rubuta lambobin da aka bayar manya-manya.

"Yaya, da girmanka da furfurarka, ni da nake da jikoki ka sa ni zanen gidan dara."

Ta sauka wajen Tela ta dawo da gwangwani cike da maɓallai marasa 'yan uwa, waɗanda suka rage daga riguna shekara da shekaru. Muka ware su iri tara da taɓi. Ɗaya shi ne ɗan mitsitsi na wuyan taguwa. Uku mai rami biyu. Bakwai na ƙarfe ne, mai sanyi. Takwas mai tudu a tsakiya, an lulluɓe shi da yadi. Tara babban na kwat.

Yanzu in gida zai iya ɗaukar uku ko takwas, sai in ɗora masa maɓallan biyu. Ban rubuta komai ba. Na ajiye ne kawai. Wannan zuciyata ta yarda da shi.

Da za ta tafi ta dubi kwanon da takardar take ƙarƙashinsa. Na dubi kwalin.

Asabar, da la'asar

Yau Na-ɗaya ya koya mini Tagwaye. Sunan nasa ne, shi yake raɗa musu suna.

A layi na huɗu akwai gida biyu, kowanne uku da takwas kawai yake ɗauke da su. Na ce to ai ban san wanne ne na uku ba, wanne na takwas.

"Ba ruwanka. Tagwaye ne suka kama ɗaki biyu. Wa ke kwana a wanne, su ta shafa. Abin da ka sani, ba za ka same su a wani gida a layin nan ba. Kwashe ukunka da takwas ɗinka daga sauran."

Na kwashe. Wani gida a ƙarshen layin ya rage da maɓalli ɗaya tal, biyar. Na rubuta biyar da biro, babba. Ban san amsar gida biyun can ba, amma rashin sanin ya ba ni biyar. Na daɗe ina juya wannan.

Barci ya ɗauke ni a kujera, keken ɗinkin Tela yana ta surutu daga ƙasa. Na ga ina tafiya cikin garin kwali. Tituna fes, ba kowa, kowace ƙofa a buɗe. Takwas ta wuce ni, mace mai jiki, ta ɗaure ƙugu tamau, ba ta ko gaishe ni ba. Huɗu yana zaune bakin ƙofa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Can nesa wani dogo mai lanƙwasasshen wuya yana ƙwanƙwasa gidaje, ana ce masa an cika. Na san Bakwai ne. Na so in kira shi, murya ta ƙi fita.

Lahadi, da hantsi

Hadari ne ya haɗu, ko kuwa. Na tambayi Tela ta taga. Ya ce, "Baba, rana ce tarwai."

Talata, da rana

Auta ba ta zauna ba yau. A tsaye ta yi maganar.

"Sun kira ni. Suna so su sani, in ba ka so su ba wani wurin."

Na ce ina tunani.

"Tunanin me? Tun muna yara haka kake. A ce ka zaɓi riga cikin biyu, sai kasuwa ta tashi."

Na ce mata a wasan nan akwai doka guda, ba a canke. In ka canka, ko ka dace, ba kai ka gama ba. In kuma ba ka dace ba, ba za ka sani ba sai can gaba, bayan ka gina rabin gari a kan kuskure.

"Yaya, ni maganar idonka nake yi."

Na ce ni ma.

Ta ɗauki kwanon jiya ta sauka. Ina jin ta tana hutawa a tsakiyar matakala kafin ta ƙarasa.

Laraba, da yamma

Ba ci gaba. Na taɓa kowane maɓalli har yatsuna sun san su fiye da carbina. Bakwai ya fi kowa yawa, ya watsu ko'ina, sanyi-sanyi a ƙarƙashin yatsa.

Na daina kunna fitila da wuri. Ba ta ƙara komai.

Alhamis, da la'asar

"To, yau za mu shiga babban aji," in ji Na-ɗaya. "Ƙafafun Gado. Ina kwance na gano sunan, ka san ba ni da abin kallo sai shi."

Ga yadda ya ce. Ka nemi layi biyu na kwance waɗanda a kowannensu lamba guda take da gida biyu kacal da za ta iya shiga. In gidajen nan huɗu sun daidaita, biyu a kan layin tsaye ɗaya, biyu a kan wani, sun zama ƙafafun gado. Lambar za ta zauna ne a ƙafa biyu masu kallon juna ta kusurwa, ko waɗannan ko waɗancan. Ko ta yaya, layukan tsayen nan biyu sun riga sun sami rabonsu. Sai ka kore ta daga sauran gidajensu.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya sake.

"Kai, shi ya sa kullum kake zuwa na sha ɗaya."

"Na tara."

"Ranar da mutum biyu suka yi zazzaɓi."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta karɓe wayar ta ce, "Ku tsofaffin nan, za ku kashe junanku."

Ban gane ba tukuna. Da na rufe ido sai in ga gadonmu na da, mai ƙarfe, wanda marigayiya matata take sa wa ƙafafu cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa. Yana shawagi a kan garin kwali, inuwarsa tana bin tituna, yana neman inda zai sauka. Tana zaune a kai tana tsefe kai. Ba ta dube ni ba, amma ba fushi take ba.

Asabar, da azahar

Na shiga wanka. Na fito na ji teburin fes.

"Na share maka ƙura. Maɓallan na mayar gwangwani, kada ka taka su ka faɗi."

Aikin mako guda da wani abu.

Ban san ina da irin wannan muryar ba har yanzu. Na ce mata abubuwa. Na ce ta mayar da ni yaro, na ce tana so a gama da ni ne ta huta da hawa bene. Ta tsaya da tsumma a hannu.

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," ta ce. A hankali ta ja ƙofar.

Lahadi, da yamma

Tela ne ya hawo da kwanon. Ya ce an aiko.

Litinin, da yamma

Tela.

Talata, da hantsi

Saura mako. Ban buɗe gwangwanin ba. Na kwanta rigingine na rufe ido, don in gwada yadda zai kasance. Sau da yawa ina gwadawa kwanan nan, kamar mai gwada takalmi a shago.

Sai ga garin ya zo da kansa. Ba mafarki ba, ido biyu nake. Layi na ɗaya, gida na farko, biyu da shida. Na biyu, bakwai da tara. Suna nan, kowa a gidansa, inda yatsuna suka bar su. Na bi titi-titi har ƙasa. Gida uku ne kawai suka ɓace mini, na kuma sake lissafa su a kai.

Ashe Auta kwalin kawai ta share.

Na tashi na mayar da su duka. Har azahar ina yi, ban ji yunwa ba.

Laraba, da la'asar

Na same su! Layi na biyu da layi na takwas. A kowanne bakwai gida biyu gare shi, kuma sun daidaita sama da ƙasa. Na ɗora yatsa huɗu a kansu, biyu na dama biyu na hagu, gadon ya sauka. Na bi layukan tsayen biyu ina tsince na ƙarfe. Hannuna ya cika da sanyi.

Na jira wani gida ya rage da maɓalli ɗaya, kamar ranar Tagwaye. Babu. Ko'ina biyu, uku, huɗu. Na kira Na-ɗaya, matarsa ta ce an kai shi a duba ƙirjinsa, sai gobe.

Na zauna da garin har rana ta faɗi. Ko kuma har na daina ganin taga.

Alhamis, da hantsi

Ya dawo. "Gyaran inji aka yi mini. Sun ce zai ƙara 'yar tafiya."

Na gaya masa na kafa gado amma ba abin da ya faɗo.

"Me kake nema?"

"Gidan da ya rage da maɓalli ɗaya."

"Ka ji matsalar mai sabon ilmi. Tun da ka sami maɓallai sai gidaje kake tambaya, wa zai shigo, wa zai shigo. Gida ai zai ce maka wataƙila wane, wataƙila wane, har gobe. Bar gida. Tambayi baƙon. Bakwai ɗin da ka kora, a layi na biyar ina zai kwana?"

Na bi layi na biyar da yatsa. Gida na farko ba shi. Na biyu an cika. Na uku yanzu na kore shi. Na bi har ƙarshe. Wuri ɗaya ne ya rage masa, gida na shida, wanda ya fi kowanne cunkoso, maɓalli huɗu a ciki. Kullum ina tsallake shi don ya fi ba ni tsoro.

"Amma gidan cike yake da wataƙila," na ce.

"To sai me? Sauran suna da wajen zuwa. Shi ba shi da shi."

Na kwashe ukun na bar na ƙarfen. Na rubuta bakwai.

Bayan mun ajiye waya na daɗe a zaune. Tun ranar da na dawo daga asibiti nake tsaye a ƙofar Talata ina tambaya me ke ciki, ana ce mini wataƙila. Yau na bi ɗaya hanyar, ta zaman gida ba a yi aikin ba, daga nan har ƙarshenta, gida-gida. Ban taɓa na ƙarfe ko ɗaya ba. Ni ma wuri ɗaya ne ya rage mini.

Alhamis, da yamma

Na sauka da kaina, hannu a bango. Tela ya tsayar da keke.

"Baba, lafiya? Da ka kira ni ai."

Na ce ya danna mini lambar Auta a wayarsa, in tawa ce ba za ta ɗauka ba. Ta ɗauka.

"Wa ya mutu?"

"Ni ne, Auta."

Na ci gaba kafin ta kashe wayar.

"Ki ce musu kada su ba kowa wurin."

Na ji tana jan hanci. Sai ta ce, "Ka ci abincin jiya, ko ka bar shi ya lalace kamar na shekaranjiya?" Na ce na ci. Ta ce ƙarya nake. Gaskiyarta.

Asabar, da safe

An gama. Daga bakwai ɗin nan sauran suka yi ta shiga da kansu, kamar fasinja in jirgi ya tsaya. Tagwaye ma sun rabu, takwas a hagu, uku a dama. Na ɗauka zan ji wani abu babba. Na ji kamar an sallami baƙi, gida ya yi faɗi.

Na gaya wa Na-ɗaya. Ya ce, "Madalla. Na tara ya zama na takwas." Sai ya ce, "Ranar Talata ko?" Ban taɓa gaya masa ba. Na ce eh. Ya ce, "To." Muka yi hirar wani malaminmu mai jan kunne har kuɗin waya ya ƙare.

Litinin, da la'asar

Na zauna bakin taga na kalli abin da ya samu. Koren abu, itacen makwabta ne. Jan abu yana wucewa, ko mota ko mace. Wani fari yana kaɗawa a igiya. Na kalle su da kyau, ɗaya bayan ɗaya, ban tambayi kowa mene ne ba.

Talata, da sassafe

Auta tana ƙasa da mai mota. Na rufe biro.

Laraba, da rana

Yaya ne yake faɗa ina rubutawa. Ya ce in rubuta an yi, an naɗe masa fuska da auduga da bandeji, ba ya jin zafi sosai. (Yana ji.) Ya ce duhun ba baƙi ba ne kamar yadda ya zata, akwai wasu launuka da suke yawo a ciki kamar kifi. Ya ce yana zaga garinsa. Ban san wane gari ba, likita ta ce allura ce, zai wuce. Ya ce kada in ƙara komai nawa. To ban ƙara ba.

Juma'a, da yamma

Ni ne. Rubutun ya karkace, amma ni ne.

Da safe likita ta kwance. Ta ce in buɗe a hankali. Fari ne ya fara zuwa, mai zafi, har hawaye. Sannan farin ya fara rabuwa gida-gida: bango, labule na gaske mai zanen ganye, agogo da ban iya karanta shi ba. Ta ɗaga yatsu, na ƙirga daidai. Ta nuna allon haruffa, na sami layi biyu na sama. Ta ce ƙananan wataƙila su zo nan gaba, wataƙila a'a. Na ce to.

Sai na juya. Wata tsohuwa tana zaune a kujerar gefen gado, ta ƙanƙame jaka a cinya. Gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta fari fat. Kumatu sun faɗa, wuya duk jijiya, idon sawunta ya kumbura har ya cika takalmi. Na yi niyyar gaishe ta in tambaya wa take jinya.

"Yaya? Kana gani? Me kake gani?"

Muryar Auta ce.

Shekara nawa ban ga fuskarta sosai ba, ban sani ba. Inuwa nake gani a gaban taga, ni kuma sai in ɗora mata fuskar da na sani, ta mace mai ƙarfi da take ɗaukar buhu ita kaɗai. Wannan matar ce take hawo mini bene kullum da kwano.

"Ka yi magana mana, ka tsorata ni."

Na ce, "Wata tsohuwa nake gani."

"Kai kuma fa? A kawo maka madubi?"

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta rufe fuska da gefen mayafi. Likita ta yi kamar tana neman wani abu a aljihu.

Da muka iso gida ta kama jakata za ta hau gaba kamar kullum. Na karɓe. Na ce ta zauna a shagon Tela, a miƙa mata kujera mai jingina. Na hau ni kaɗai na dafa shayi, na sauko da shi kofi biyu, ina kallon kowace matakala. Kaɗan ne ya zube.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Duk layukan fuskar na gani.

"Sukari ya yi yawa," ta ce. Ta shanye.